Inna Za Ta Rantse a Kan Abin da Na Rubuta

Zuwa ga Hajiya Maijidda,

Assalamu alaikum. Don girman Allah Hajiya ki karanta takardar nan har ƙarshe, ki ba ni amsa kafin ashirin da takwas ga watan nan. Sau uku ina rubuta ta ina yagewa. Ni ɗaliba ce, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata, gidanmu kuma yana cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Babanmu, Malam Inuwa, ya sami aiki a Jamus ta Yamma. Wani Bature da ya shekara biyu yana zuwa zaurenmu koyon Hausa da ajami shi ya nema masa, zai riƙa koyar da ɗalibai a wata jami'a. Ya tafi bayan ƙaramar Salla, da nufin in ya zauna sosai mu bi shi. Baba ya yi nisa a Larabci, amma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka duk takardun tafiyarsa ni na cika. Ya kan zauna a kan buzunsa, ina karantawa ina fassara masa, yana faɗa ina rubutawa.

A wata takarda akwai gurbin 'ya'ya. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Yau kuma ƙidayar gidanku za ki tambaye ni? Rubuta huɗu, ke da Kulu da 'yan biyu." To amma a ƙarƙashin gurbin akwai wani ƙaramin rubutu da ya ce 'ya'yan da mutum ya haifa da kansa ake nufi, wanda ke riƙon ɗan wani kuwa ya bayyana a shafi na gaba. Na karanta shi sau biyu, na kuma gane shi sarai. Ban fassara wa Baba ba. Na sa sunana a layin farko, Sakinatu Inuwa, na wuce.

Hajiya, ni ba Baba ne ya haife ni ba. Ƙanensa ne, Malam Audu, da ke zaune a Gyallesu, wanda nake kira Baba Ƙarami. Baba da Inna Hajo sun shekara takwas ba haihuwa, ni kuma 'yar farin Baba Ƙarami ce, ana yaye ni aka kawo musu. Bayan zuwana Inna ta haifi Kulu, sannan 'yan biyu, shi ya sa har yau in ta ji daɗina sai ta kira ni Mai Goshi. Ban taɓa jin an ta da zancen nan a gidanmu ba, ko sau ɗaya. A gidan biki na ji shi daga bakin wata tsohuwa, ina da shekara goma, na dawo gida ban tambayi kowa ba. Ƙannena ba su sani ba. In mun je Gyallesu, matar da ta haife ni ba ta kiran sunana, ba ta ko haɗa ido da ni, sai dai ta turo mini abinci ta hannun wani. Na san kunya ce, ban riƙe ta a rai ba. Ina faɗa miki ne don ki gane yadda ya yi mini nauyi in ɗaga kai in ce wa Baba takarda tana tambaya ko shi ya haife ni. Gaskiya kuma, na ji tsoron a tafi a bar ni.

Makon jiya wasiƙarsa ta zo. Ya ce can ba kamar nan ba ne. Cikin makon da ya sauka ya je ofishin gari ya yi rajistar gidan da yake zaune, mai gidan ma sai da ya sa hannu. Daga nan ya je ofishin baƙi suka buga masa hatimin izinin zama na shekara guda. Takardar nan da na cika tana cikin fayil ɗinsa, har sun ce ya nemi gida mai ɗaukar mutum shida, ya kuwa samu. Yanzu kafin a ba mu biza suna son takardar haihuwar kowane yaro, in babu, uwa ta yi rantsuwa a kotu, sannan a haɗa da takardar shaida daga makaranta. Mu duka a gida aka haife mu, ba mu da takardar haihuwa. An riga an buga takardun rantsuwar daga abin da na rubuta, an sa ranar ashirin da takwas ga wata Kawu, wan Inna, zai raka ta kotu ta dafa Alƙur'ani.

Inna ba ta karanta boko. Ta ce tun da take ba ta taɓa dafa Alƙur'ani don rantsuwa ba. Shekaranjiya tana shanya kuɓewar da za mu tafi da ita, ta dube ni ta ce, "Mai Goshi, kin tabbata babu kuskure ko na harafi ɗaya? Kada ki sa Littafi ya kama ni." Na ce babu.

Ga wata kuma. A makaranta sunana Sakinatu Audu, don Baba da kansa ya ba da sunan ƙanensa ranar da ya kai ni firamare, ni kuma da yarinta ban kawo komai a raina ba. Ke nan takardun biyu za su je ofis ɗaya da uba biyu. A ƙasan takardar da Baba ya sa wa hannu an rubuta cewa wanda ya ba da bayanin ƙarya ana iya karɓe izininsa. Ya bar aikinsa na koyarwa a nan, an ma riga an sa wani a gurbinsa.

Na yi tunanin in roƙi shugabar makarantarmu ta sauya sunan, na kai bakin ofishinta na juyo. Na yi tunanin in ce ba na son tafiyar, amma Inna tana ta gaya wa maƙwabta ni ce bakinta a can, har ta sayo mini rigar sanyi a Sabon Gari. Malama Ethel, 'yar Wusasa da ke koya mana Turanci, ta tsayar da ni ta ce na rame, na ce zazzaɓi ne.

Hajiya, shin ƙarya na yi? Ni ban san wani uba ba sai shi. In na yi shiru na jefa Inna cikin rantsuwar ƙarya, in na yi magana ban san da wane baki zan fara ba. Yaya zan yi?

Taki cikin damuwa,
'Yar Aji Huɗu, Birnin Zariya

AMSA

'Yata,

Wa alaikumus salam. Abu na farko, kada Inna ta je kotun nan da waɗannan takardu. Ranar rantsuwa ana ɗaga ta, akawun kotu kuma zai sake buga wasu in an kai masa gyara.

Kin tambaye ni ko ƙarya kika yi. A gidanku ke 'yar Malam Inuwa ce, kowa a unguwa zai shaida, shi ma da ya ce huɗu gaskiyarsa ya faɗa. Amma takardar ta yi tambaya takamaimai, kin gane ta, kika ɓoye wa wanda zai sa hannu. Wannan kuskure ne, kuma naki ne. Na fahimci dalilinki, ban kuma ga laifin yarinya 'yar shekarunki da ta ji tsoron a bar ta ba. Manya ma suna da nasu kason, da suka ɗora miki takardu masu nauyi haka ba tare da wani babba ya duba ba.

Ki gaya wa Inna a yau ɗin nan. Ba wani sabon labari za ki ba ta ba, ta fi ki sanin wanda ta haifa da wanda ta goya. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke cikin takardar, kuma haƙƙinta ne ta sani. In bakinki ya yi nauyi, ki nuna wa Malama Ethel wannan shafin na jarida, ki roƙe ta ta raka ki gida. Wadda ta lura kin rame ba za ta ƙi ba. Zancen sauya suna a makaranta kuwa ki bar shi sam, ƙarya ce ta biyu a kan ta farko.

Daga nan ki rubuta wa Baba wasiƙar jirgin sama, da ajami in ya fi masa sauƙi, ki faɗa masa abin da ya faru ba kwana-kwana. Ya ɗauki Baturen da ya nema masa aikin su je ofishin baƙi, ya ce an yi kuskure wajen fassara, yana so a gyara: 'ya'yan cikinsa uku, da ɗiyar ƙanensa da yake riƙo tun da aka yaye ta. Wanda ya kai kansa da gyara ba a yi masa kallon wanda aka kama. Ban san dokar ƙasar dalla-dalla ba, don haka ya tambaye su takardun da suke so a kan yaron riƙo, ya sa su rubuta masa, Kawu kuma ya tambayi ofishin jakadancin Jamus a nan.

Kafin amsa ta zo, Kawu ya je Gyallesu ya sami Malam Audu. A nemi ya bayyana a gaban alƙali cewa shi ya ba wansa riƙonki, kuma ya yarda ki tafi. A haɗa da shaidar mai unguwa da ta makaranta, duka da suna ɗaya, Sakinatu Audu, a ajiye kwafin kowace a gida. Inna ta rantse a kan ukun da ta haifa, hankalinta kwance.

Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa takardunki su yi jinkiri, mai yiwuwa ma a ƙi. In haka ta faru, shekara ɗaya ta rage ki gama sakandare, ki zauna ki gama, a sake nema. Zai yi zafi. Amma ya fi sauƙi a kan Baba ya dawo ba aiki, Inna kuma ta kwana da rantsuwar da ba ta san ta yi ba. Ƙannenki kuwa, ki bar wa iyayenku su zaɓi ranar da za su gaya musu.

Ki tashi ki wanke fuska, ki je ki sami Inna kafin ki ci abincin rana. Allah ya sassauta miki harshe, ya sanyaya zuciyar iyayenki duka huɗu, ya sa a buga muku hatimi cikin alheri.

Hajiya Maijidda