Gejina da Ke Rataye a Ofishin Ciyaman

Zuwa ga Alhaji Ciyaman na ƙungiyar direbobin tasi ta tasharmu da ke Nima.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamitinka baki ɗaya. Ni ne Hamidu Fita, mai auna birkin motocin tasharka shekara goma sha huɗu, tun shekarar da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka, sau uku ana ce mini ka tafi Tudu. Shi ya sa na rubuta, kuma zan manna wata a bangon masallacin tasha. A bainar jama'a aka ɓata mini suna, a bainar jama'a nake so a wanke shi.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, abin da kuka rataye a ƙusa kusa da kalandarku, sunansa geji. Harsunan ƙarfe takwas ne a zobe ɗaya, kowanne da kaurinsa da lambarsa. Maigidana, wani tsohon fitan soja a Maamobi, shi ya sa mini shi a tafin hannu ranar da ya yaye ni. Aikinsa ba shi da wuya. A ɗaga mota, a cire taya, a zura harshe ɗaya tsakanin faifan ƙafa da ƙarfen da ke riƙe da fatar birki. Sabuwar fata takan karɓi harshe na goma. In ta tsufa har na uku ya ƙi shiga, mota ta kwanta sai an sake mata fata. Geji bai san ɗan wane ba, bai san motar Alhaji ba, kuma ba ya jin Turanci ko Twi balle a lallashe shi.

Yau kwana ashirin da uku hannuna yana shiga aljihu ya fito wayam. Bayan azahar nakan zauna gindin darbejiyar da ke tsallaken titi, inda hukuncinku bai kai ba. Iskar teku takan hauro da ɗan gishirinta, gyangyaɗi ya ɗauke ni rabi-rabi. A nan nake ganin motocin tasha suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, babu ƙara, babu hayaƙi, fukafukansu masu ruwan ɗorawa suna sheƙi, kowace ta zo gabana ta tsaya a hankali kamar akuyar da ta gane mai ba ta dusa. Ina zura harsunan ina kiran lamba, bakwai, takwas, goma, duk tashar lafiya lau. Sai wani tirotiro ya danna oda, in farka in ga yatsuna suna motsi a iska. Kewar aikina nake yi, Alhaji, ba na jin kunyar faɗa.

Na biyu. Ga abin da ya faru ranar Talatar da ta biyo bayan Sallar Layya. Ƙa'idar tasha ka san ta, kai ka kafa ta: fita ya auna, ya faɗa wa bukman, bukman ya rubuta a littafi, in mota ta faɗi ya riƙe makulli. Na auna motar Mumuni yana can wajen cin waake. Harshe na uku ya ƙi shiga, na biyu ma da ƙyar. Ina durƙushe na ɗaga murya na ce, "Ta cinye!" Isaka bukman yana teburinsa, tasha ta cika da hayaniya, ya leƙo ya ce, "Masta, ya ci?" Ni kuma da bakina mai son wasa da magana na ce, "Ai ta ci har ta cinye." Ya yi dariya, na yi dariya. Na mayar da taya, na wanke hannu, na bi jama'a jana'izar wani maƙwabcinmu.

Ni daga Damagaram aka kawo ni ina saurayi. A Hausar da na sha a nono, in fata ta cinye ta ƙare ke nan. Isaka haifaffen Nima ne, Hausarsa ta layi ce, wadda muke yi da Mosi da Kotokoli da Dagomba mu fahimci juna. A bakinsa "ya ci" shi ne birki yana kamawa, kuma shi ne abin da ake ce wa wanda ya haye jarrabawa. Ya ji "ci" har sau biyu daga bakin Masta, ya rubuta fas da Turanci, ya bar makulli a kan teburi. Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da kunnensa ya ba shi ya rubuta.

Na uku. Ranar Alhamis da hantsi motar Mumuni ta ƙwace a gangaren da ke sauka babban kwalbati. Ta kwashe teburin Hajiya Mariyama mai koko, ta tsaya da bangon wani shago. Allah Ya kiyaye rai, amma Mumuni ya karye a hannu, Hajiya kuma har yau in ta ji ƙarar mota sai ta dafe ƙirji. Na je na gaishe su duka biyu, na kasa haɗa ido da matar Mumuni.

Na huɗu, kuma nan ne kukana. Ranar Juma'a kwamitinka ya zauna ba a kira ni ba. An buɗe littafi an ga fas, aka ce idon Hamidu ya tsufa, wasu suka ce gejin ne ya lalace. Aka aiko aka karɓe shi daga hannuna a gaban masu lodi, aka ce kada ƙafata ta sake taka tasha. Ko ɓarawon kaza a Nima ana tambayarsa me ya kai shi akurki kafin a ɗaga sanda. Laifina na yarda da shi: na yi wasa a inda ba a wasa, na tafi ban leƙa littafi ba. Ku hukunta ni a kan wannan, zan sunkuyar da kai. Amma idona bai yi kuskure ba, gejina ma bai yi ba. Tsohuwar fatar tana nan a garejin da aka ja motar, kowa ya je ya gani.

Na biyar. Shekaranjiya a gindin darbejiya, ina tsakanin barci da ido biyu, wata mota ta gangaro na ji muryar birkinta, siririn kuka na ƙarfe yana neman ƙarfe. Na miƙe zumbur, gabana yana faɗuwa. Motar Awudu ce. Sai na tuna cewa a waccan Talatar mota biyu na auna. Da na gama da ta Awudu, abin da na ce wa Isaka shi ne, "Ita ma kamar 'yar'uwarta." Ka ga abin da ya rubuta mata ke nan.

Na tare Awudu a bakin titi na faɗa masa. Ya ce, "Baba, buk ya ce fas, kai kuma an kore ka, wa zan ji?" Ya ja motarsa cike da mata 'yan kasuwa masu zuwa Agbogbloshie sarin doya. Ban ga laifinsa ba. Ku kuka gaya masa maganata ba ta da nauyi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A zauna da ni da Isaka gaban kwamiti, kowa ya maimaita abin da ya faɗa da bakinsa. A daina dogara da kunne, fita ya riƙa rubuta lambar da geji ya nuna da hannunsa, don biyu biyu ce a kowane yare. Na ƙarshe shi ya fi gaggawa. In har zuciyarka ba ta ba ka ka mayar mini da gejina ba, to ka sauke shi daga ƙusa da kanka. Ka sa a cire tayar gaba ta hagu a motar Awudu, ka nemi harshen da aka rubuta wa uku, ka gwada zura shi. In ya shiga, kada ka sake amsa sallamata har abada. In ya ƙi, ka riƙe makullin, sunana ya jira, ba ya ɗaukar fasinja.

Allah Ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa takardar nan ta riske ka yau. Awudu shi ne na farko a layin lodi gobe da safe.

Wassalam.

Naka,
Hamidu Fita,
gindin darbejiya, tsallaken tasha, Nima.