Mai Ɗori a Kofin Laraba

Daura,
Litinin, 20 ga Oktoba.

Zuwa ga Maman Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya Maiturare da iyalinsa da duk mutanen Dutsi. Yaya ƙafar taki? Sabiru direba ya ce ya hango ki kina ɗingishi. In gwiwar nan ce ta tashi, ki daina tsugunno wajen wanki, ki sa a ba ki kujera. Mu nan lafiya lau. Haulatu ce ke yi mana girki. Gishirinta har yanzu yau ya yi yawa gobe babu, amma muna ci.

Za ki yi mamakin takarda alhali ga waya. In na kira ki, gaisawa muke yi mu yi shiru har ɗayanmu ya kashe. Shi ya sa na ce bari in gwada biro. Ki karanta da kanki, kada ki ba kowa.

Wata goma ke nan da tafiyarki. Washegarin sadakar arba'in ta yaronmu Nagoggo kika ce za ki je ki kwana biyu. Ban hana ki ba, ban kuma biyo ki ba, don ba ni da bakin cewa ki dawo. Ina so ki dawo. Wannan kam na sani, ko da yake sauran abubuwa duk sun zama ɗaya a wurina. Ina ci, ina salla, ina ɗori, amma kamar wani ne ke yi ina kallonsa.

Jiya Malam Sagir ya zo, malamin wasannin nan da ya kawo mana zari-ruga. Za su sake buɗe Kofin Laraba wata mai kamawa, yana so in koma bencina na bakin fili kamar bara. Wai kuma za su sa wa kofin sunan Nagoggo. Na ce masa zan yi shawara.

Ke ba ki taɓa ganin wasan ba, rigar kawai kika sha wankewa kina mita. Mutum goma sha uku ne a kowane ɓangare. Ƙwallon kamar gwanda take, a hannu ake riƙe ta a ruga, kuma ba a miƙa ta gaba sai baya. In aka kayar da ku sau shida ba ku kai layin ƙarshe ba, sai ku ba abokan karawa. Ƙungiya takwas ce, sili ɗaya ƙwale, wanda aka cinye ya tafi gida sai baɗi. Laraba aka ba su saboda 'yan ƙwallon ƙafa sun mallake filin daga Juma'a zuwa Lahadi. Ni aikina in zauna da karare da ƙyallaye da man shafawa, ƙarti su yi ta karo da juna kamar raguna, wanda ya goce kafaɗa a kawo mini. A Laraba bakwai na gyara kafaɗa biyar, targaɗe kuwa ban ƙirga ba.

Na san abin da aka gaya miki, cewa kwana goma sha uku da binne shi na je wasan ƙarshe na zauna a bencina. Gaskiya ne. 'Yan Zango suka cinye su Nagoggo, suka ɗauki kofin. Na ɗora wa wani ɗan Zango wuyan hannu, ya kuma warke sumul. Mutane suna ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Laraba ce ta yi, ƙafata ta kai ni, ban ji komai ba.

Akwai maganar da ban gaya miki ba game da wasan da ya gabaci wannan. Ina tsoron in kin ji ba za ki sake taka gidan nan ba. In kuma kika dawo ba ki ji ba, ban san yadda zan dube ki ba. Ki ba ni mako guda.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki,
Kalilu mai ɗori.

Daura,
Talata, 28 ga Oktoba.

Zuwa ga Maman Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata gwiwar ta lafa. Sabiru ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, kin sa ta a bakin zane. Ba laifi. Ga maganar.

Kin san yadda muka tashi. Nagoggo ɗan fari ne, ranar da aka yaye shi Goggo ta ɗauke shi, bai dawo gidanmu ba sai da ta rasu, lokacin har ya fara gemu. Ban taɓa faɗar sunansa na yanka ba, ke ma haka. In ya shigo zaure ina ciki, gaisuwa ce daga nesa, in amsa ina kallon wani wuri. Ko ɗori ƙanena ne ya so koya masa, ba ni ba. Mahaifina haka ya yi da yayana, babu wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Ni ma ban ɗauke ta ƙiyayya ba, kunya ce, kuma har alfahari nake da yadda na iya ta.

Ranar wasan kusa da ƙarshe da 'yan Kongolam suka kara. Saura kamar minti goma a tashi, 'yan Kongolam na gaba da maki biyu. Nagoggo ya sunkuya zai kayar da wani jibgege, gwiwar mutumin ta same shi a gefen kai, sama da kunnen hagu. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi, ya ɗan jima, sannan ya tashi. Malam Sagir ya tsayar da wasa ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi.

Duk wanda aka kawo mini, ko yatsa ya ce ke ciwo, sai na bi jikinsa da hannu tun daga wuya har kai. Wannan ƙa'idata ce, shekara talatin ban taɓa tsallake ta ba. A ranar ma na yi wa mutum uku haka. Amma ga shi tsaye a gabana, fili cike, har da abokan wasana da ke jiran su ga Kalilu ya rungumi kan ɗan fari su sami abin tsokana na shekara. Wani ma har ya fara dariya. Sai na dube shi daga zaune. Babu jini, idonsa a buɗe, yana tsaye da ƙafarsa. Na tambayi Malam Sagir, ba shi ba, ko yana jin jiri. Shi ya amsa wa Malam Sagir cewa ba komai. Na ce to ya koma.

Malam Sagir ya so ya ajiye shi. Ni na ce ya koma. Maganata aka bi, don ni ne mai ɗori, kuma ni ne ubansa.

Sauran kin sani. Ya dawo gida da ƙafarsa, da safe aka kasa tashinsa, kafin azahar ɗin Alhamis ya cika a asibiti. Likita ya ce ƙashin ya tsage, jini ya taru a ciki, da an kawo shi tun jiya da wataƙila an yi wani abu. Ni kaɗai ya gaya wa. Na fito na ce da ku kwana ne ya ƙare.

Da aka gama yi masa wanka za a rufe fuskarsa, na shiga na ce su dakata. Na ɗora hannuna a kansa. Ban lalube ba, Maman Haulatu, yatsuna kai tsaye suka faɗa wurin, ya lotsa kamar gefen ƙwarya. Ko wanda ya yi wata uku yana koyo a wurina zai gane shi. Da ban wuce ƙiftawar ido ba a bakin fili. Rabon da in taɓa shi tun yana goyo.

Ban yi kuka ba a lokacin, har yau ban yi ba. Ina jira abin ya zo, bai zo ba. Ba neman yafiya nake ba, don ban san yadda ake neman irin wannan ba. In kin ga zamanki a Dutsi ya fi, zan aiko da sauran kayanki, ba kuma zan bari kowa ya zarge ki ba.

Ki gaida Yaya Maiturare.

Mijinki,
Kalilu.

Daura,
Alhamis, 13 ga Nuwamba.

Zuwa ga Maman Haulatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina kuma gode wa Allah da gwiwar ta yi sauƙi. Amsarki ta iso jiya da hantsi, ina tsakiyar ɗora wa wani manomi ƙafa. Sai da na gama na wanke hannu sannan na buɗe. Rubutunki yana nan yadda na san shi, yana gangarowa ƙasa kamar zai fice daga takardar.

Ban san wannan ba. Ban san kin gan shi da magariba zaune a ƙofar ɗakinsa ya dafe kai, tuwonsa a rufe ba. Kin ce kin tsaya a bakin madafa kina kallonsa, ƙafarki ta ƙi ƙarasawa, sai kika aiki Haulatu ta tambaye shi, ta dawo ta ce gajiya ce. Kin ce ba zuwana wasan ƙarshe ya kore ki ba, ƙofar ɗakin nan ce ba ki iya wucewa ta gabanta. Ashe wata goma kowannenmu na ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya. Na karanta sau uku. Ban ji haushinki ba, ban kuma ji sauƙi ba. Na dai daɗe zaune.

Na gaya wa Malam Sagir zan koma bencin, amma kada su sa sunan. Sharaɗina ɗaya, duk wanda aka buga a kai ya gama wasa a ranar, ko ɗan waye.

Kin ce za ki dawo, amma sai na fara gaya miki yadda minti goman nan suka ƙare, don kowa ya ga ɗanki yana wasa ban da ke. To ga shi.

Ya koma ciki. Aka kayar da su sau biyar, saura ɗaya ƙwallo ta koma hannun 'yan Kongolam. Aka miƙo masa ita ta hagu. Ya yi kamar zai ba na kusa da shi, mutum biyu suka bi can, shi kuwa ya ratsa tsakaninsu. Gudu yake irin na mahaifinki, kafaɗa ɗaya a sama. Wani ya kamo rigarsa ta yage, bai tsaya ba. Ya kai layin ya kifa a kan ƙwallon, fili ya ɗauki ihu, aka tashi sun ci. Ban rasa ko taki ɗaya ba. Duk Larabar nan shi kaɗai nake kallo ta gefen ido, sauran sai an kawo mini su nake sanin suna filin.

Abokansa suka yi kansa. Ya ture su ya miƙe, yana haki, yana dariya, ya juyo ya dubi bencina. Ya daɗe yana duba. Na san ni yake nema. Na sunkuyar da kai na shiga naɗe ƙyallen da yake a naɗe, har sai da na tabbata ya juya.

Shi ke nan abin da nake da shi. Zan tsaya nan.

Ranar Asabar zan biyo Sabiru in zo da kaina. Na roƙe shi ya bar miki gidan gaba saboda ƙafar.

Mijinki,
Kalilu.