Layi na Tara

Litinin, 3 ga Maris
Sabon jadawalin rabon wuta ya iso ɗakinmu na sarrafa layukan lantarki. Kamfanin ƙarfe ya kunna tukunyar narki ta uku, ga masaƙu biyu da aka buɗe a bayansa. Manaja ya ce layin masana'antu ko ƙiftawa kada ya yi. Daga unguwanni za a rage. Layi na tara ya koma awa huɗu a yini. Can Baba yake. Ni ce kuma mai aikin rana, da hannuna zan riƙa kashewa.

Alhamis, 6 ga Maris
Zafi har a cikin ƙashi. Na biya gida bayan aiki. Na'urar numfashin Baba batirinta awa biyu yake yi, janareto kuma hayaƙinsa ya fi rashin wutar cutar da shi. Yaya na ta yi masa fifita da kwali. Baba ya ce, "Injiniya, ke ma sai an ba ki izini ko?" Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace.

Asabar, 8 ga Maris
Na kai wa manaja rahoton da na yi wata biyu ina haɗawa. Tsofaffin injinan masaƙun nan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da suke ja a banza take tafiya. Da za su sauya su, unguwa biyu sun samu. Ya ce aiki ya yi kyau. Ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Talata, 11 ga Maris
Sha biyu da rabi Yaya ta kira: "Don Allah ki bar mana ita yau, leɓensa ya canza." Na bar tara. Na kashe layi na huɗu a madadinsa. Dogo, abokin aikina, ya gani, ya juya kujerarsa yana kallon bango.

Juma'a, 14 ga Maris
Na sake. Kwana huɗu ke nan.

Laraba, 19 ga Maris
Mai sharar ofis ta dawo bayan kwana uku ba a gan ta ba. Ashe a layi na huɗu take. 'Yarta ce ta haihu bakwaini a ƙaramin asibitin unguwarsu, aka sa jaririyar a kwalba. Sun shirya man janareto daidai da awannin jadawali, sai wuta ta riƙa tafiya a lokacin da ba nata ba, man ya ƙare kafin a samo wani. Ran Asabar suka binne ta.
Tana goge teburina take faɗa min. "Ku da kuke ciki, 'yata, wa ke yin wannan abu?" Na ce daga sama ne. Ta ce Allah ya isa, ta ɗaga ƙafata ta share ƙarƙashi.
Ban sani ba ko wutar ce. Bakwaini suna mutuwa ko da wuta. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau hamsin.

Alhamis, 20 ga Maris
Na koma bin jadawali. Yaya ta kira sau shida, na kife wayar.

Lahadi, 30 ga Maris
Mun ɗauko Baba zuwa ɗakina na gidajen ma'aikata, da yake muna kan layin masana'antu. Bai so ba. Shekara arba'in a gidan da ya gina, yanzu tagarsa bututun hayaƙi take kallo. Numfashi ya daidaita, magana ce ya daina. Yaya ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Litinin, 14 ga Afrilu
Za a buɗe wata masana'antar. Manaja ya ce ni zan tsara sabon jadawali, tunda na fi kowa sanin layukan. Minti ashirin na gama. Tara da huɗu awa uku-uku.
Wani dattijo ya samu lambar ɗakinmu, yana roƙo saboda matarsa, maganinta a firji yake ko me. Na ce ya yi haƙuri, daga sama ne. Na ajiye, na ƙarasa cin abincina. Sai da na wanke hannu na lura Dogo na kallona.
Gajiya ce kawai, ina jin.