Batirin Rediyon Baba

Daren Asabar, Birnin Gwari

Yau Baba ya yi dariya! Tun da 'yan bindiga suka sa muka baro Kuyello, muka bar masara tsaye a gona, ban ga haƙorinsa ba. Kullum yana zaure rungume da rediyonsa.

Ɗazu bayan la'asar na tono tsohuwar 'yar gem ɗin Yaya Sani a ƙasan akwati, wadda ake wasan tanis a ciki. Ko kala babu, mutane biyu ne ƙanana kamar tururuwa, da raga a tsakaninsu. Ina bugawa sai Baba ya leƙo ya ce, "Ke Hadiza, me waɗannan suke wa faɗa?"

Na ce, "Ƙwallo ce, Baba. Ga inda ake dannawa."

Ina! Baba bai yarda da dannawa ba. Duk sanda ƙwallo ta taho sai ya kai wa iska sara da gem ɗin gaba ɗaya, kamar yana yankan dawa da lauje. Har hularsa ta faɗi. Can dai yatsansa ya taɓa wurin, ƙwallo ta haye raga, ya yi ihu, "Na kayar da shi!" Inna ta fito a guje da ludayi a hannu, ta zaci wani abu ne ya faru.

Ana cikin haka batirin gem ɗin ya mutu. Na ce a raina shi ke nan, zai koma shirunsa.

Sai Baba ya juya rediyon nan da ko taɓawa ba ma yi, ya zare batirinsa ya miƙo mini.

"Sa mana. Labarai sa jira."