Ruwan Tudun Kanya, Goron Agege

Agege, Legas
21 ga Mayu, 2000

Zuwa ga Yayana Malam Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Yaya Kande da yara da duk mutanen Tudun Kanya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da bakin da zan ja ta da tsawo.

Yaya, me na yi maka? Ranar Talata na tafi Ifo wajen masu gonar goro, na bar yaran da ka turo min ci-rani suna aiki a sito. Na dawo na tarar da ƙofa a garƙame, ba kowa. Mai shayin bakin layinmu ne ya yafito ni, ya zaro mabuɗin sitona daga cikin gwangwanin sukari ya miƙo min. Ya ce Ɗan Azumi direban motar shanu ya kawo saƙonka, wai an yi ruwan shuka, kowa ya taho gida. Ko tabarmi ba su naɗe ba, suka bi motar tana sauke shanu a mayankar Oko-Oba. Dukiyata kaf a gwangwanin sukari, Yaya!

Ka san abin da ke cikin siton nan. Goron da na saya tun kaka ne, na ajiye shi ya zama daushe, sai damina ta yi nisa ya yi tsada in sayar. Goro ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka toshe ka manta. Dole a yi ta buɗe kwanduna, a zazzage, a tsince mai sankara, a canza ganye, a mayar. Ɗaya ya kamu aka bar shi, sai ya shafa wa kwandon gaba ɗaya. Kwanduna sun kai rufi, ni kaɗai ce da ciwon gwiwa. Yaya kake so in yi?

Sauran yaran ban riƙe su a rai ba sosai, na san ƙafarsu ɗaya a gida take. Amma Ɗanliti? Ɗanka ne, ɗana ne. Shekara da shekaru ina koya masa aikin nan. Tun rasuwar mijina Alhaji ban ba kowa amanar siton nan ba sai shi. Na ɗora shi kan sauran, na kai shi gaban Yarbawan da nake sayen goro a hannunsu na ce ga magajina. Da bakina na ce masa bana ya tsaya har a sayar da daushe, ya ce, "To, Gwaggo." Ashe to ɗin ta baki ce.

Ka dawo min da shi a motar da ta fara tasowa, shi da ko mutum biyu. Ba roƙonka nake ba.

Ƙanwarka,
Iyatu

*

Tudun Kanya, ta Ringim
29 ga Mayu, 2000

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Iyatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke kowa lafiya, sai godiyar Allah. Kande tana gaishe ki, tana yi miki sannu da ƙafa.

Takardarki ta iso, na karanta, na ajiye, na sake karantawa bayan na yi salla, don da a karon farko na amsa da ba mu ji daɗi ba. Iyatu, a gidan nan aka haife ki. Yaushe aka taɓa jin ɗan ci-rani ya ji an yi ruwa a gida ya zauna? Sunan abin ma ya isa ya gaya miki: rani ake ci, ba damina ba. Haka mahaifinmu ya yi, haka muka yi. Ni ban ɗauke miki ma'aikata ba, aro na ba ki, lokacin ya cika.

Maganar mabuɗi kuwa Ɗanliti bai kyauta ba, na yi masa faɗa. Ya ce ya jira ki, direba ya ce ba zai ƙara minti ba. Alkawarin da kika ce ya yi miki, ban san da shi ba, kuma yaro ba ya yanke alkawari a kan damina ubansa na raye.

Ba zan iya sako miki kowa yanzu ba. Mun shuka gonar tudu da ta bayan gari, gero ya fara tsirowa, noman farko na tafe. Buhunan da ake sauke miki a Agege duk kaka daga hannun yaran nan suke fitowa, ki tuna da wannan. Ki yi haƙuri ki lallaɓa, goro ai ba jariri ba ne. In an yi maimai zan duba.

Allah ya huci zuciyarki. Wassalam.

Naki,
Sadisu

*

Agege
6 ga Yuni, 2000

Yaya,

Salamu alaikum. Ka gaida Yaya Kande, ita kam ba ruwanta.

Goro ba jariri ba ne, ko? Da ka zo ka tsaya a bakin sitona makon jiya ka shaƙi warin da ke fita, da ba ka rubuta haka ba. Na yi ta fama ni kaɗai, in ja kwando in zauna in huta, in tsince in tashi da kyar. Kafin in kai layin ciki, ƙwaro ya riga ni. Na buɗe wani kwando, Yaya, baƙi ƙirin kamar gawayi, na gaba ma haka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zubar. Masu kwasar bola ma sai da suka yi min tsiya. Na zauna a kan benci na yi kuka a gaban mutane, ni da ban yi kuka a kasuwa ba ko ranar da aka zo min da labarin Alhaji.

A nan Mama Mufida ta same ni. Bayarbiya ce, maƙwabciyarmu, tun tana yarinya take ɓare goro a sitocin Agege. Ta dube ni ta ce, "Alaja, kuka no go komot kokoro. Tashi mu yi aiki." Wato dai kuka ba ya fitar da ƙwaro. Washegari ta zo da mata huɗu, sun ɗaura zani sun zauna. Abin da ya rage sun cece shi.

Kada ka zaci na samu hutu. Matan nan sun fi ƙarfina da baki. Surutu tun safe har su tashi, rediyo a ƙure, kuma ranar Asabar kowacce tana da biki, sai ka ce su aka ɗora wa aurar da Legas. In na yi faɗa a mayar min da biyu. Jiya na ce wa ɗaya ta matse ganyen da yawa, ta ce in zo in nuna mata in na fi ta iyawa. Yaranka ko kallon idona ba sa yi, in na yi magana sai "to, Hajiya". Amma na gane to ɗin da ba ta kwana ba ta da amfani a gare ni. Waɗannan in za su yi fashi tun Laraba suke gaya min, mu yi rigimarmu mu gama, Litinin kuma ga su.

Ka ce aro ka ba ni. Na gode, na mayar. Geron kuma in don shi ne za a riƙa yi min gori, akwai gero a kasuwar Agege.

Iyatu

*

Tudun Kanya
25 ga Yuni, 2000

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Iyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki jajen asarar da kika yi, Allah ya mayar da alheri. Takardarki ta maƙale a hanya saboda yajin aikin ƙarin kuɗin mai, motoci ba su taso ba, shi ya sa kika ji ni shiru.

Mu ma nan jarrabawa ta same mu. Tun ruwan nan na farko sama ta ɗauke. Gero ya fito ya yi kamu ɗaya, rana ta bi shi ta ƙone. Mun fita roƙon ruwa, har yanzu shiru. Irin da muka tanada ya tafi a ƙasa, na rumbu kuma ya ja baya. Yara suna zaune a gindin bishiya ba aikin fari ba na baƙi, abin ba daɗin gani.

Don haka na yanke shawarar in mayar miki da Ɗanliti da mutum uku, su kama aikinsu, abin da suka samu a sayi iri. Kin ga buƙatarki ta biya, tamu ma ta biya. Matan nan sai ki sallame su cikin mutunci, dama cike gurbi suka yi. Kuma ni hankalina bai kwanta ba ki zuba baƙi a cikin dukiyarki. Kin manta rikicin da aka yi tsakanin mutanenmu da Yarbawa a Ketu bara? Naki naki ne, Iyatu, ko ya ɓata miki.

Maganar gero da kika yi ta yi min zafi, amma na bar ta. Ni ne babba.

Wassalam, naki,
Sadisu

*

Agege
2 ga Yuli, 2000

Yaya Sadisu,

Salamu alaikum. Na ji labarin gona, wallahi ban ji daɗi ba, Allah ya kawo ruwa mai albarka. Wannan daga zuciyata ne. Sauran ma daga zuciyata ne, sai ka daure.

Ɗan Azumi da ya kawo takardarka ya zauna ya sha ruwa, na tambaye shi labarin gida. Ya ce ba kowa ya yi shuka da ruwan nan ba. Ya ce dattawa sun ce a dakata, laimar ba ta shiga ƙasa ba, kai ne ka ce sai ka riga kowa a garin. Wato saboda a ce gonar Malam Sadisu ce ta fara yin kore ka kwashe min mutane rana tsaka. Gorona ya ruɓe, geronka ya ƙone, yanzu kuma ni ce zan gyara.

Ba zan sallami kowa ba. Mama Mufida aikinta ta bari a wani sito ta zo wurina, sauran ma haka. Na yi musu alkawari a gaban mutane cewa suna nan har goron baɗi. In na kore su yau, gobe ka aiko an yi ruwa, wa zan kira? Da wane ido zan bi layinmu?

Kada ka ƙara kawo min zancen Ketu. Ina garin nan aka yi, kai a rediyo ka ji. Na san tsoron da muka kwana da shi, na kuma san waɗanda suka riƙa leƙo mu suna tambayar ko muna buƙatar wani abu. Ranar da na zauna a benci ina kuka, nawan da kake faɗa suna Tudun Kanya.

Zan ba Ɗan Azumi buhun iri ya kawo maka, wannan haƙƙin zumunci ne. Amma kada ka turo min kowa. Sito ba zaure ba ne da za a shiga a fita yadda aka ga dama.

Ƙanwarka,
Iyatu

*

Tudun Kanya
6 ga Yuli, 2000

Iyatu,

Wa alaikumus salam. Iri ya iso, Allah ya saka. Takardarki ta yi saɓani da yaran, sun riga sun bi motar raguna tun kafin ta zo. Ban ga dalilin jiran amsa ba, don ban taɓa zaton sai na nemi izini kafin ɗana ya je gidan gwaggonsa ba. Yanzu suna hannunki. Ki yi abin da za ki iya faɗa a gaban mahaifanmu.

Sadisu

*

Agege
12 ga Yuli, 2000

Yaya,

Salamu alaikum. Sun iso lafiya. Sun ci, sun yi wanka, ɗakinsu yana nan. Ukun na haɗa su da wani ɗan garinmu a kasuwar Mile 12, suna dakon tumatir.

Ɗanliti ya zo sito ya durƙusa. Ya rame, Yaya, har sai da na kau da kai. Mama Mufida da kanta ta ce min, "Alaja, ejo, don Allah ɗauke shi, ya san aiki." Na ce tambaya ɗaya zan yi masa. Na ce, "In gobe babanka ya aiko ruwa ya dawo, za ka tsaya ko za ka tafi?" Ya ce, "Zan tafi."

Na sa masa albarka da bai yi min ƙarya ba. Na kai shi Oko-Oba da kaina, yana ɗaukar nama wajen mahauta. Aikin yini ne, duk ranar da ka kira shi ba abin da zai ruɓe a bayansa.

Kullum da safe yana gaishe ni kafin ya fita, ba ya fashi. Sai dai tun ranar nan bai ƙara ce min Gwaggo ba. Hajiya yake cewa, kamar kowa.

Ka gaida gida.

Iyatu