Malama Tana Mantuwa, Aikina Ya Ɗaure Min Baki

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa tudun dafawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin tattara bayanai a wani bincike kan yadda ɗan Adam ke sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa. Ba irin wanda ake tara yara da manya a kwatanta su rana ɗaya ba ne. Mu mutanenmu ba sa canzawa, duk shekara muke koma musu. Mu auna ƙarfin damƙar hannu da saurin tafiya, mu karanta musu kalmomi biyar, bayan ɗan lokaci su maimaita. A takarda babu suna sai lamba, kuma na sa hannu cewa abin da na gani ba zai fita daga bakina ba.

A cikinsu akwai wata tsohuwar malamar lissafi. Da can ita ce ma ke tsokanata, wai rubutuna kamar kaza ta yi tono. Kalmomin nan biyar cif take kawowa. Bara ta kawo uku, na ce gajiya ce. Bana ɗaya, ita ma da ƙyar. Na ce ta zana agogo, ta cusa lambobin duka a gefe guda. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta riƙe hannuna ta roƙe ni kada 'ya'yanta su ji, don za su kwashe ta daga ɗakinta su ajiye ta kamar kaya. Muna cikin haka na ji ƙauri. Tukunya ce ta ƙone ƙurmus a kan risho, kuma ta rantse ba ita ta ɗora ba. Ita kaɗai take zaune a gidan.

Washegari babbar 'yarta ta kira ni tana tambayar yadda aka yi. Na ce lafiya lau. Ƙarya na yi, Anti. In na faɗa, na ci amanar aiki da ta Malama. In na yi shiru wuta ta tashi fa? Na rubuta ɗaya a gurbin makinta, na rufe fayil. Shi ke nan aikina? In koma baɗi in rubuta sifili?

Taki,
Wadda ta rasa abin yi

*

Ƙanwata, sannu. Wannan kaya ba na kai ɗaya ba ne.

Sirrin nan ba ƙa'idar banza ba ce. Saboda shi Malama ta yarda kika ga rauninta, kuma binciken da ke bin mutane shekara da shekaru rushewa yake yi ranar da suka daina buɗe ƙofa. Sannan ke ba likita ba ce. Kalmomi biyar ba su isa yanke hukunci ba, wata mantuwar ma magani ko damuwa ke kawo ta, kuma ana shawo kanta. To amma an yi sirrin ne don kare Malama, ga shi ranta na cikin haɗari.

Gobe ki samu shugaban bincikenku, ki faɗa masa batun tukunyar. Yawancin irin wannan aiki na da tanadi idan aka ga haɗari, da kwamitin da ke kare haƙƙin mahalarta. Ki nemi izini ki koma wurinta ba tare da fayil ba. Abin da take tsoro shi ne a raba ta da ɗakinta, don haka daga nan za ki fara: in aka gano matsalar da wuri, ta fi samun damar ci gaba da zama a cikinsa. Ta zaɓi wanda ta fi yarda da shi cikin 'ya'yanta ya raka ta asibiti.

In 'yar ta sake kira, kada ki ƙara cewa lafiya lau. Ki ce aikinki ya hana ki magana, ta tambayi mahaifiyarta da kanta.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa mantuwar ta ci gaba duk da ƙoƙarinki. Wannan ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne kada ta fuskance ta ita kaɗai. Allah Ya ba Malama lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.