Dada, Hamma Ya Gan Ki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Dada. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Ni ce autarki Asma'u, daga gidanmu na Nukkai. Na san babu mai kai wasiƙa inda kike, amma akwai bayanin da ya kamata in yi miki, kuma tun da aka share makoki yake cina.

Maganar kyamarar nan ce da Hamma, yayanmu, ya aiko daga ƙasar waje. Ya ce ya daɗe bai ga fuskarki ba, don haka in ɗauke ki, in juye hoton a kwamfuta, in sa masa a faifai. Ɗan kaset ɗin kyamarar bai fi kwalin ashana ba, kuma shi Hamma ba shi da abin kallonsa a can, tunda kyamarar tana hannunmu. Ya haɗo da waya, da na'urar buga faifai, da wani ɗan allo mai ƙarafa da ake cusawa a cikin kwamfuta.

Da farko kin ƙi. Kika ce, “Ni zan zauna in yi wa ɗan fari hira? A garin wa aka taɓa yi?” Ko sunansa ban taɓa jin kin kama ba, sai dai ki ce wancan na nesa. Na yi ta lallashinki yadda nake lallashin 'yan ajina in sun tsorata da lissafi, har kika gaji. Kika ce ba za ki yi wa ɗan da kika haifa kwalliya ba, in ɗauke ki yadda kike a tsakar gida, da ɗankwali kawai, babu mayafi. Sannan kika ɗaga yatsa: “Shi kaɗai zai gani. Ba na son idon namijin waje a kaina.” Na ce na yi alkawari.

Da masu ɗaukar biki na cikin kasuwa na kai wa, da yamma ɗaya sun juye mini a babban kaset. Amma su suna juyewa ne suna kallo, shagon cike da jama'a. Shi ya sa na nufi kwamfutar makarantarmu, wadda shugaba ta ba ni izinin taɓawa bayan an tashi. Na ce ai na yi karatu, takardar bayani tana hannuna, me zai gagare ni?

Dada, ta gagare ni. Na cusa allon, na jona waya, kwamfutar ta yi kamar ba ta san da kyamara a ɗakin ba. Ashe na bar maɓallin a wajen ɗauka, ba a wajen kallo ba. Da na gano wannan, sai batir ya riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Na jona ta da wutar bango, aka ɗauke wutar. Ranar da hoton ya fara shiga kuwa, sai ga ki kina tsalle-tsalle a gilashin kwamfutar, bakinki yana motsi, muryarki tana biyo baya kamar wadda ta makara.

Kullum na dawo gida sai kin tambaya, ba tare da kin dube ni ba: “Ya gani?” In ce saura kaɗan. Ki ce, “Ke da saura kaɗan.” Ban lura cewa tuwon da ake zuba miki yana dawowa kusan yadda ya tafi ba. La'asar ɗin da ya kamata in yi su a gefen tabarmarki, na ƙarar da su ina faɗa da waya, ina kallon ki a gilashi alhali kina gida da ranki. Har kika kwanta, har kika tafi, bai gani ba.

Bayan makoki na koma, don yanzu hoton nan shi kaɗai ya rage wa Hamma. Na san ni kaɗai ba zan iya ba. Sai na nemi Mista Bulus, malaminmu na lissafi, mutumin Kona, wanda ke ta tsoratar da mu cewa kwamfutoci za su haukace in shekarar dubu biyu ta shiga. Na gaya masa sharaɗinki. Bai yi dariya ba. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya ce da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, “To Malama, kai ne ido, ni ne baki. Karanta mini abin da ya rubuta.”

Haka muka yi. Shi ya gane cewa cikin kwamfutar ya cika, shi ya sa hoton ke tsalle. Ya sa na kwashe tarkace, na rufe duk abin da ke buɗe. Ya ce ko da haka, mintoci kaɗan za ta ɗauka, sai in zaɓa. Ban taɓa zaton wata rana za a ce in zaɓi abin da zan yanke daga jikin uwata ba. Na bar wurin da na tilasta miki yin gaisuwa, kina magana kamar mai karanta sanarwa. Na ɗauki wurin da kika manta da ni, kina ɓare gyaɗar da aka kawo daga Sunkani, kina ware manya gefe guda, kina cewa a soya waɗannan a aika wa wancan, ba ya son mai gishiri da yawa.

Ga inda na kasa. Ana cikin juyewa sai wani rubutu ya fito a ƙasan gilashin, na karanta masa bai gane ba. Ya ce dole ya gani da idonsa. Na cire mayafina na rufe ki, na bar layin rubutun kawai, na ce ya juyo. A daidai lokacin fankar sama ta kaɗa, mayafin ya zame. Ya runtse ido nan take, amma ya riga ya gan ki. Ya tashi yana laluben ƙofa, ya ce, “Allah ya ji ƙan Mama. Malama, danna na hagu,” ya fita ya tsaya a baranda har na gama.

Laifin ba nasa ba ne. Ni ce na ce ya juyo. Da na kwafe rubutun a takarda na miƙa masa, da an huta, amma gaggawa ta rufe mini tunani. Ni da nake koya wa 'yan mata cewa alkawari ba ya da ƙarami.

Faifan ya tafi a hannun wani abokin Hamma. Da faifan ya isa, Hamma ya kira ni a wayar shagon da ke bakin titi. Muka gaisa. Daga baya ya ce ya kulle ɗaki ya kalla shi kaɗai, ko abokin da ya kai masa bai bari ya leƙa ba, don ya san halinki ko ba a gaya masa ba. Ya tambaye ni ko wani ya gani. Na gaya masa gaskiya. Ya ce, “To, ki gaya mata da kanki.”

Shi ne na gaya miki, Dada. Ki yafe mini idon da ya gan ki, ki yafe mini la'asar ɗin da na hana ki. Allah ya haskaka kabarinki, ya suturta ki da suturar da ba ta zamewa, ya haɗa ki da wancan na nesa a inda babu nisa. Amin.

Taki har abada,
Asma'u